Takardun Kawu da Tsohuwar Kwamfuta

Ina da shagon buga takardu a unguwar Bekaji cikin Jimeta, ɗan ƙarami, in mutum huɗu suka shigo sai na biyar ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙo takardarsa ta saman kawunansu. Fotokwafi nake yi, da buga rubutu, da cike wa mutane fom a intanet. Na daɗe a sana'ar har mutanen unguwa suka ɗauka babu abin da ban sani ba game da kwamfuta, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen musa musu ba.

Halina ɗaya da kowa ya sani shi ne ba na ƙaunar tarkace. Takardar da ta lalace ba ta wuni a shagona. Aikin da na yi wa mutum a kwamfuta, yana karɓa ya fita nake goge shi. Mijina ya sha cewa in ya daɗe zaune wuri ɗaya a falo tsoro yake ji kada in haɗa da shi in share.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, malamin firamare ne a wani gari can arewacin jihar, bayan Mubi. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata yake kira na tun ina rarrafe. Wata shekara ya zo Jimeta neman ƙarin girma, aka ce ya tura takardunsa ta imel. Ya kawo su cikin wata tsohuwar jakar fata, kowacce a cikin ledarta, har da takardar ɗaukar aiki ta farko wadda ta yi jajir don tsufa. Na ɗauki hotonsu a na'ura, na tura daga imel ɗina, tunda shi ba shi da imel kuma ba ya neman ya yi. Ya mayar da kayansa jaka ya koma gida.

Ba a daɗe ba masu tayar da ƙayar baya suka shiga garinsu. Wanda ya zauna a Yola ko Jimeta a lokacin ya san yadda gari ya cika, kowane gida ya zama gida uku, har a zaure ana shimfiɗa tabarma. Kawu da matarsa, wadda muke kira Goggo, suka iso gidan Inna, mahaifiyata, a cikin Yola da kayan jikinsu kawai, ƙafafu a kumbure. Daga baya wani ya kawo labarin an ƙone layinsu gaba ɗaya. Jakar fata tana ƙarƙashin gado.

Sai da aka yi makonni, hankali ya ɗan kwanta, sannan na tuna da imel ɗin. Na kawo Kawu shago, na zaunar da shi, na buɗe wurin saƙonnin da aka tura. Ga takardunsa nan, har alamar ninki ta fito. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Uwata, ashe wuta ba ta cin wannan?"

"Ba ta ci, Kawu. Ko shagon nan ya ƙone, Allah ya kiyaye, suna nan."

Na ce bari in buga masa ya tafi da su gida. Ya ɗaga hannu ya ce a'a. Ya ce shekara da shekaru yana lallaɓa takarda a cikin leda, wuni ɗaya ta tafi. "Na daina ajiye takarda a gida. Daga yau ke ce akwatina." Haka kuwa aka yi. Aka ba shi makaranta a wajen Girei, ya kama haya ya zauna. Duk lokacin da aka kira tantance ma'aikata sai ya zo in buga masa abin da aka nema, ya kai ofis, su kuma ofis ba sa mayar wa mutum da takarda. Har alfahari yake yi da ni a cikin abokansa, wai shi takardunsa suna sama, a hannun 'yarsa. Ina jin daɗin wannan magana, ba zan ɓoye ba.

Shekaru suka wuce. Goggo ta rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Garin su Kawu ya samu lafiya, wasu suka koma, shi ya ce ya gama komawa. Ni kuma kasuwa ta buɗe mini, na sayi sabuwar kwamfuta ta tebur, na kuma sayi babbar waya.

Maƙwabciyar shagona wata dattijuwa ce daga kudancin jihar, ta yi aikin sakatariya a ma'aikatar gwamnati har ta yi ritaya, ta buɗe shagon littattafai da alƙaluma. Madam nake kiran ta, ita kuma Hajiya take ce mini tun kafin in je ko filin jirgi. Hausarta irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk "kai" ne. Ran Lahadi ina duba mata shago in ta tafi coci, ran Juma'a ta duba nawa. Ita ce ta karɓi wayata wata rana ta danna-danna, ta haɗa ta da imel ɗin da ke kwamfutar shago, ta ce yanzu za su riƙa tafiya tare.

Kai, na ji daɗin abin nan. Ɗaliban da ke zaune a Sangere su turo aikinsu tun ina gida ina haɗa wa yara karin kumallo, in gani a waya, kafin in iso shago yana cikin kwamfuta yana jira na. In na karanta saƙo a cikin keke mai ƙafa uku, in na zo sai in tarar kwamfuta ta san na karanta. In fara rubuta amsa a waya, cunkoso ya sake mu a shataletale, in zo in ƙarasa a tebur daga daidai inda na tsaya. Har gwaji nake yi wa kwastomomi, in ajiye wayar kusa da allo in ce su zuba ido, in tura wa kaina saƙo, duka biyun su yi ƙara lokaci ɗaya. Wani dattijo ɗan Barno mai sayar da turare ya ce wannan ai sai a yi masa addu'a.

Abin da ban gane ba kuwa, sana'ata ce ta rufe mini ido. Ni mai fotokwafi ce. A kaina, komai na duniya yana da asali yana da kwafi. Asali yana cikin kwamfuta, babba, mai nauyi, a zaune wuri ɗaya. Abin da ke waya kwafi ne. Kwafi kuma in ka yayyaga shi ka zubar, me ya sami asali? Ban taɓa tambayar kowa ba, don ban ga abin tambaya ba.

Wata Asabar muka je biki a Yolde Kohi. An ce ƙarfe biyu, har la'asar ba amarya ba labarinta. Zafin Yola na ta dafa mu a ƙarƙashin rumfa, na sha ruwan leda har na gaji. Na ɗauko waya zan ɗauki masu kiɗa, sai ta ce wuri ya kusa cika. Na leƙa imel na ga saƙonni jibge tun na shekarun baya, na ɗaliban da suka gama har sun yi aure, na fom ɗin da aka rufe tuntuni. Raina ya ɓaci. Wannan tarkace duk a aljihuna nake yawo da shi? Na zauna na zaɓi duk abin da ya tsufa, wanda ya shigo da wanda na tura, na goge. Na shiga kwandon shara, shi ma na zazzage shi, don ni ba na share ɗaki in bar shara a bakin ƙofa. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce ji wani iyayi, na danna. Amarya ta iso ina jin kaina sakayau kamar wadda ta gama wankin mako.

Na yi sati uku ban san abin da na aikata ba, don aikin yau da gobe duk a sababbin saƙonni yake.

Ranar wata Litinin da hantsi Kawu ya shigo da fara'arsa, ya sa babbar riga. Lokacin ritayarsa ya yi. An ce ranar Alhamis ya kai takardar ɗaukar aiki ta farko da shaidar koyarwa, da su za a buɗe masa fayil ɗin fansho. Wanda bai kawo ba sai ya jira wani zagaye, kuma kowa ya san wani zagaye ba shi da rana.

"Uwata, a buɗe akwati."

Na juya ga kwamfuta ina tsokanarsa, wai yanzu zai zama ɗan zaman kashe wando. Na shiga wurin saƙonnin da aka tura, na gangara ƙasa. Ƙasan ya zo da wuri. Na rubuta sunansa na nema, babu. Na rubuta sunan makarantarsa, babu. Na buɗe kwandon shara na tarar da shi fes. Gumi ya karyo mini, fanka kuwa a kaina take juyawa.

"Lafiya?" in ji Kawu.

"Sabis ne ba kyau, Kawu. Ka dawo Laraba, zan buga in ajiye maka."

Ƙarya na yi masa, ido cikin ido, shi kuma ya yarda nan take, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya sa mini albarka ya fita ya tari keke.

Ko takalmi ban tsaya sawa daidai ba na faɗa shagon Madam. Na ba ta labari tun daga rumfar biki. Ta sauke tabarau kan hanci ta dube ni ta samansa.

"Hajiya, kai ka goge a waya?"

"A waya kawai, Madam. Ban taɓa kwamfuta ba wallahi."

"Har kwandon shara ka zubar?"

Na gyaɗa kai. Ta tafa hannu ta kira sunan Yesu, sannan ta yi mini wankin babban bargo. Ta ce ba ɗaki biyu ba ne, ɗaki ɗaya ne mai ƙofa biyu. Ko ta ƙofar waya ka shiga ka kwashe kaya, wanda ya shigo ta ƙofar kwamfuta wayam zai tarar. Ta ce tun ranar da ta haɗa su ta faɗa mini. Mai yiwuwa ta faɗa. Ni dai a ranar hankalina yana kan yadda suke ƙara tare.

Muka gwada duk abin da ta sani, muka cike wani fom na neman a dawo da saƙonni, amsa ta zo cewa babu abin da za a iya dawowa da shi. Na zauna kan kwalin littattafanta na fara hawaye, ni da nake yi wa mata faɗa in sun yi kuka a kasuwa. Mutumin da wuta ta raba da komai, ya ɗauki ɗan abin da ya rage ya damƙa mini, ni kuma na zubar don in ɗauki masu kiɗa.

Madam ta zauna tana kaɗa ƙafa. Can ta ce, "Tsohon kwamfuta ɗin fa? Wanda ka tura takardun da shi. Ka sayar?"

Da so samu ne da na sayar. Ranar da na kawo sabuwa na yi niyyar ba masu gwangwan, Inna ta zo shago ta gani, ta ce abin da aka saya da kuɗi ba a ba 'yan bola, ta sa aka ɗora mata a keke. Inna ba ta zubar da komai. Gwangwanin madara, murfin tukunyar da ta fashe, duk suna da ranarsu a wurinta. Mun fi shekara ashirin muna wannan faɗa ni da ita.

Madam ta miƙe ta ɗauki jakarta. Ta ce tsohuwar tana kwaso saƙo ta ajiye a cikinta, kuma tunda rabonta da intanet tun kafin in yi ɓarnar, ba ta da labari. "Bai sani ba ka goge. Kar ka bari ya sani."

Muka rufe shaguna biyu da tsakar rana muka hau keke zuwa Yola. Mun tarar da Inna a rumfa tana gyaran zogale. Kwamfutar tana ɗakinta kusa da gado, an lulluɓe ta da ƙyalle mai aikin hannu, rediyo a kai, da kwanon goro, da carbi. Na fara sauke kayan.

"Ke, teburin nawa za ki kai ina?"

Dole na faɗa mata. Na zaci za ta yi salati ta hau faɗa, ƙaninta ne fa. Sai ta ajiye tiren zogale ta dube ni, bakinta yana motsi, tana ƙoƙarin danne dariya.

"Wato yau tarkacen nawa ake nema."

"Inna, don Allah."

"A'a, faɗi dai in ji. Madam, ki zama shaida. Tarkacen wa aka zo nema?"

Sai da na faɗa da bakina sau biyu ta bari muka ɗauka, da sharaɗin a dawo mata da abinta kafin lokacin labaran yamma, don rediyon ba ya kamawa sosai in yana ƙasa.

A shago muka buɗe murfin. Zanzaro ya yi gini a kusurwa, ɓera ya tara ɓawon gyaɗa. Madam ta kakkaɓe da burushin fenti, ina riƙe da tocila. Kafin mu jona wuta ta zare wayar intanet daga bango, ta naɗe ta, ta jefa a jakarta ta zuge. Ta karɓi wayata ma ta kashe ta jefa ciki. Na ce wayar me ta yi? Ta ce ba wayar take tsoro ba, hannuna take tsoro. Ta ce ita ma ba ta da tabbacin abin da tsohuwar za ta yi in ta ji intanet, ko ta riƙe nata ko ta bi sahun 'yan uwanta ta goge, kuma ba da takardun Kawu za a yi gwaji ba.

Na yi bisimilla na danna. Shiru. Madam ta ɗan bubbuga gefen, ta sake zaunar da wata waya a ciki. Na sake dannawa. Fankar ta yi tari, ta yi gurnani, allon ya kawo haske. Kwanan watan da ta nuna ya koma baya can, kamar tsohon da aka tasa daga barci. Ta ɗauki lokacinta, ni kuwa a da har zagin ta nake yi kan wannan nawa, ranar kuwa na haƙura na jira. Da na buɗe wurin imel sai ta rubuto cewa ba ta samu intanet ba, ko a haɗa ta? Wallahi hannuna da kansa ya tafi wurin "eh", sabo ne na shekaru. Madam ta make shi da burushin fenti.

Muka gangara ƙasa, ƙasa, ƙasa. Ga sunan Kawu. Na buɗe, ga takardar nan jajir da alamar ninkinta. Na yi guɗa a tsakiyar shago, Madam ta ɗaga hannu sama tana waƙar coci, mai turare ya leƙo ya tambaya ko haihuwa aka yi.

A da, in Kawu ya zo, shafin da aka nema kawai nake buɗewa in buga, ban taɓa bin sauran ba. Ranar kam tsoro ya sa na ce komai da komai. Na kwafe a filash biyu, ɗaya na ba Madam ta kai gidanta. Sai da muka kashe tsohuwar na tura wa kaina daga sabuwar, na tura mata. Sannan na buga duk shafukan da ke cikin saƙon, ban ko duba ba, na zuba a ambulan. Muka mayar wa Inna teburinta ana saura kaɗan a fara labarai.

Ran Laraba Kawu ya zo. Na kwana ina shirya yadda zan faɗa masa gaskiya, don ƙaryar sabis ta tsaya mini a wuya. Na ba shi kujera, na miƙa masa ambulan, na fara.

"Kawu, akwai abin da na yi, ina so ka yafe mini. Ranar Litinin ba sabis ba ne."

Yana saurare yana fito da takardun ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a tebur yadda malamai ke jera takardun jarrabawa. Na kai wurin rumfar biki ke nan sai na ga ya tsaya a shafi na ƙarshe. Fom ne na magaji, irin wanda ma'aikaci ke cikewa ya faɗi wanda za a nema in ta Allah ta kasance. A kusurwar sama an maƙala ƙaramin hoto. Goggo ce, tana da ƙuruciyarta, ɗankwali ya ɗan karkace, ta haɗe rai tamau.

Hotunansu duka sun ƙone tare da gidan. Bayan sun dawo Yola kuma ba ta yarda a ɗauke ta, wai ta rame. Ni kaina na fara manta yadda girarta take.

Kawu ya daɗe yana kallo. Sai ya yi dariya, wata 'yar ƙarama.

"Dubi yadda ta ɓata rai. Mai hoton ne ya ce ta gyara ɗankwali, ta ce shi ya saya mata?"

Ya sa babban yatsa ya shafa gefen hoton, kamar zai gyara mata. Na ce, "Kawu, ban gama ba ka labarin ba." Ya ce, "Na yafe, Uwata, ko mene ne," idonsa bai bar takardar ba. Ya tambaya ko ana iya ƙara masa girma. Na ce ana iyawa, amma zai ɗan yi dishi-dishi. Ya ce ba komai, shi ma idonsa dishi-dishi yake gani.

Na buga masa a takarda mai ƙyalli, na sa a leda. Ya riƙe da hannu biyu, ya yi sallama da Madam, ya fita ya tari keke. Sai da na juyo zan share tebur na ga takardar ɗaukar aiki da shaidar koyarwa a jere inda ya bar su. Na kwashe na fita da gudu, mayafi a hannu, ina ƙwala wa mai keke kira. Sai a bakin kwana na cim musu. Kawu ya karɓi ambulan ɗin ya tura ƙarƙashin cinyarsa ko dubawa bai yi ba, ya ce wa mai keke su bi ta Yola tukuna, zai nuna wa Addarsa, wato Inna.